Na Auna Yayana da Igiya Yana Barci

Assalamu alaikum Anti Zakiyya. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, don abin da na yi da niyyar alheri ya raba ni da mutum ɗaya tilo da ya rage mini a duniya. Ki sakaya sunana, ko da yake duk wanda ya san mu zai gane.

Ni tela ce a Gumel, shekarata arba'in da shida. Mijina ya rasu shekara bakwai ke nan, Allah bai ba mu haihuwa ba, daga ni sai keken ɗinki a gidan da ya bar mini. Asalinmu Fulani ne na wata ruga a ƙasar Sule Tankarkar. Mu biyu muka rage a ɗakinmu, ni da yayana, Hamma Sajo. Tun da na fita takaba ya ɗora wa kansa wata al'ada: ya ci kasuwar Maigatari ran Alhamis ya kwana a can, ran Juma'a ya biyo ta Gumel ya yi masallaci, ya ci tuwo a gidana, ya ɗan kishingiɗa a tabarma, bayan la'asar ya wuce gida. Ba mai yawan magana ba ne, wani lokacin har ya tafi gaisuwa ce kawai ta haɗa mu. Amma Anti, wannan Juma'ar ita nake jira tun daga Asabar.

Baffanmu, wato mahaifinmu, ciwon suga ne ajalinsa. Siriri ne kamar sandar kiwonsa, shi ya sa ba wanda ya kawo wannan ciwon a ransa, sai da ƙaya ta soke shi a ƙafa, miki ya ƙi warkewa, aka yanke ƙafar a asibiti. Bai ƙara wata biyu ba. Ni na yi jinyarsa, kuma har yau in na tuna warin ƙafar nan abinci fita raina yake yi.

To Hamma ya bar kiwo, ya koma dillancin shanu. Mutumin da yake wuni yana taka ƙasa bayan garke, yanzu ko masallacin bakin kasuwa sai a babur. Ga shayin nan mai zaƙi irin na mutanen Damagaram, zagaye uku a zama ɗaya. Hannu da ƙafa suna nan sirara yadda na san su, ciki kuwa ya turo riga, mutane har barka suke yi masa wai hutu ya zo. Ni kuwa ina lura, a ɗan zaman da yake yi a gidana sai ya shanye kofin ruwa huɗu, ya zaga bayi sau uku. Na yi ƙarfin hali na roƙe shi ya je a duba jininsa. Dariya ya yi, wai wannan ciwon alhazan birni ne masu ƙiba, shi ya hau sikeli a wani kemis an ce nauyinsa daidai.

Akwai wata ma'aikaciyar jinya da nake yi wa ɗinki, ita na kai wa kukana. Ta ce sikeli yakan yaudari masu irin jikinmu, ƙugu ake dubawa. A sami igiya daidai tsawon mutum, a ninka ta biyu, a zaga ta a ciki wajen cibiya. In bakinta bai haɗu ba, to a nemi gwajin jini. Sai dai a wajenmu ƙanwa ba ta ce wa yayanta tashi in auna ka, ni ko ido ba na haɗawa da shi. Tef ɗina na awo kuma inci sittin ne, Hamma dogo ne, ba zai kai ba.

Ran wata Juma'a ya zo da matarsa Ummulkhair, ta shiga maƙwabta gaisuwa, shi kuma barci ya ɗauke shi a rigingine. Shaiɗan ko tsautsayi, ban sani ba, na kwance igiyar shanya, na lallaɓa na ajiye bakinta a saitin kansa, na ja ta har diddige. Ina cikin ƙulla alama a wajen ƙafarsa Ummulkhair ta shigo ta rafka salati, ya buɗe ido ya gan ni durƙushe da igiya a hannu.

Wallahi Anti, sai da na ga idonsa na tuna. Haka aka yi wa Baffa. Hamma da hannunsa ya riƙe karan da aka auna gawar aka kai wa masu haƙa kabari.

Sai ya miƙe. Ya sa hula, ya sa takalmi, ya fita, ko la'asar bai jira ba. Yau Juma'a goma sha bakwai ke nan. Ba ya ɗaukar wayata. A ruga an ce awonsa na ɗauka zan kai wa boka. Na je wani taron suna a Gagarawa Tasha, ina zama matan danginmu suka janye tabarma, har wata ta ɗauke jaririn daga kusa da ni. Ina jin haushinsu, ina jin haushinsa ma, don ya san wadda ta wanke ƙafar Baffa. Amma kewa ta fi haushin yawa. Har yanzu ran Juma'a tuwon mutum biyu nake tuƙawa, in na ji ƙarar babur a ƙofa sai in tsayar da keke in kasa kunne. Igiyar tana nan rataye a ƙusa da ƙullinta, rabin awo, ban ma kai ga ƙugun ba.

Anti, in je in durƙusa ne, ko in bar shi har ya huce? In na bar shi kuma ciwon na cinsa fa?

'Yar'uwarki,
Mai ɗinki a Gumel

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma na ji zafin zaman kaɗaicin da kike ciki. Allah ya jiƙan mahaifinku da maigidanki.

Bari in fara da abin da ba za ki so ji ba: kin yi kuskure. Niyyarki fes take, amma ki tsaya a inda yayanki ya tsaya. Mutum ya farka ya tarar ana yi masa abin da shi kansa ya yi wa gawar mahaifinsa. Ni ina ganin tsoro ne ya fitar da shi daga gidanki, ba ƙiyayya ba, kuma namiji irinsa ya gwammace ya yi wata huɗu yana gaba da ya ce ya tsorata. Ita ma Ummulkhair kada ki riƙe ta, ko ni ce na shigo salatin zan yi.

Ta ɓangaren lafiya kuwa, gaskiya tana wajenki. Ciwon suga ba na masu ƙiba ne kaɗai ba. Ƙirar jiki ta bambanta daga jama'a zuwa jama'a, akwai waɗanda kitse yake tarar musu a ciki alhali sikeli bai nuna komai ba, shi ya sa ake son ƙugu kada ya kai rabin tsawo. Sai dai wannan awon a tsaye ake yinsa, mutum da kansa ko da yardarsa, kuma ishara ce kawai, jini ne yake yanke hukunci. Wanda mahaifinsa ya yi ciwon, ga yawan ƙishi da yawan fitsari, ya ma wuce batun igiya. Gwaji yake buƙata, kuma ba za a jira ya huce ba.

Don haka ki kwance ƙullin nan yau, ki mayar da igiyar wajen shanya. Ki nemi dattijo ɗaya da yayanki ba ya iya ƙetare maganarsa, kawu ko limamin rugarku, ki faɗa masa komai yadda kika faɗa mini, har da warin ƙafar. Ku tafi tare, ki ba yayanki haƙuri a gaban matarsa, ba tare da kin kawo "ai don lafiyarka ne" ba. Wannan bayanin ki bar wa dattijon. In ma'aikaciyar jinyar nan za ta yarda ta yi wa Ummulkhair bayani ko ta waya ne, zancen boka zai mutu, don Ummulkhair ce mai dafa masa abinci, kuma ita ma ba ta son zawarci.

Saura abu ɗaya. Na duba wasiƙarki daga sama har ƙasa ban ga inda kika auna kanki ba. Uba ɗaya ya haife ku. Ke ma wuni kike yi a zaune a kan keke, kuma ban san inda tuwon mutum na biyu yake tafiya ran Juma'a ba. Ki miƙe tsaye ki yi wa kanki awon. Sannan ranar da kuka je, bayan an yafi juna, kada ki ce masa ya je asibiti. Ki ce ke za a duba, tsoro kike ji, kuma ba ki da wanda zai raka ki sai shi. Ba ƙarya kika yi ba. Yayan da ya yi shekara bakwai yana ratsowa Gumel don kada ƙanwarsa ta ci tuwo ita kaɗai, da wuya ya bar ta ta zauna a bencin asibiti ita kaɗai. In an soki yatsanki don ɗibar jini yana kallo, miƙa nasa ba zai yi masa nauyi ba.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya ba ku lafiya ku biyun, ya sa Juma'a mai zuwa ki tsayar da keke ki ji babur ɗin ya tsaya a ƙofarki.

Anti Zakiyya