Jan Haƙorana da Farin na Ƙanwata

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara. Ni tsohuwa ce daga wajen Ɗanzomo, ban yi karatu ba, maƙwabciyata ke rubuta abin da nake faɗa.

Malam mijina ya rasu bara, har yau hawayena bai tsaya ba. Tun ina amarya, in ya ci kasuwar Maigatari sai ya kawo min goro da furen taba na rina haƙori, yakan ce jan haƙorana ya fara so. Bayan na fita takaba haƙorina na gaba ya ɓantare, ƙanwata kuma dama tana da nata tsohon giɓin, sai ɗana ya kai mu wurin likitan haƙori a Gumel. Likita ya ce abin cikon fari ne, ba zai saje ba sai an wanke haƙoran sun yi fari. Na ƙi, ita ta yarda.

Da aka wanke mata, ya gaya mata maganin wankin yana saura a haƙori ya hana ciko kamawa, ya ce ta jira makonni kafin a cike, amma ta matsa wai tana da biki. Aka cike, ya faɗo mata cikin tuwo. Allah Ya yafe min, daɗi na ji. To sai likitan ya ce akwai wani magani na koren ganyen shayi, in an shafa yana kashe ragowar wancan, ciko ya kama. Ɗana ya tafi har Kano ya samo mata. Ya kama kuwa.

Yanzu duk taro ita ce mai dariya, mata na tambaya ko 'yata ce, ni kuwa ina toshe baki da mayafi. Ɗan da na haifa, hotonta yake nuna wa mutane. Na ce mata wankin haƙori da tsufa neman suna ne, muka yi cacar baki, sai ta ce, "Yaya, wa kike ajiye wa jan nan? Mai kallonsa ya tafi."

Ɗana ya ce in shirya ya mayar da ni wurin likitan. Zuciyata na so, amma na san don in kamo ta ne. In an wanke, ba abin da Malam ya bari a jikina kuma. In je, ko in zauna da giɓina?