Yaya Ya Ce Albarka

Lahadi da dare, Tudun Wada

Madalla da Fasto! Yau a coci ya karya farashin gafara. Wai Yusufu ya rungume 'yan'uwansa, har ya cika musu buhuna da hatsi. Ai su yunwa ce ta kai su ƙofarsa. Yaya Bitrus kuwa rumbunsa cike yake.

Na dai je wurinsa, saboda Inna. Tun da ta kwanta ciwo burinta ɗaya ne, ta gan mu muna cin tuwo a kwano ɗaya. Na durƙusa na ce, "Yaya, rigimar iyakar gonar nan, ka yafe mini." Yana ta ɓarar gyaɗarsa, ya ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Na tsufa a kasuwar hatsi, na san amsar nan. Ita ce "albarka" da mai kaya yake faɗa in tayi bai yi masa ba. A kasuwa sai in ƙara. Nan kuwa gwiwa ce iyakar abin da nake da shi.

Inna ta ce, "Auta, yaya kuka yi?" Na ce ya sa albarka. Ta yi murmushi, ta ce a tuƙa tuwo gobe.

Ya Ubangiji mai ciyar da dubbai, wa zai ci rabin kwanon nan?