Jijiyoyin da Inna Take Alfahari da Su

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya jikin Inna? Ƙaninmu Auta ya daina gudun makaranta kuwa?

Ni lafiya lau. Sai dai an cire ni daga lodi a sito, yanzu gadin ƙofa nake yi a zaune. Kada ki tada hankalinki.

Kin tuna hoton da na aiko ba riga, jijiyoyi sun fito min ruɗu-ruɗu daga ciki har ƙirji? Inna ta ce ɗanta ya zama ƙato, ya gado Baba. Ni ma har maɓalli nake buɗewa don a gani. Da ƙafata ta kumbura na je asibiti, likita na ɗaga rigata ta daina murmushi. Ta ce babbar jijiya ce ta toshe can ciki, shi ne jini yake ratsewa ta ƙananan da ke kusa da fata. Ta tambaya ko wani a gidanmu ya taɓa yin haka.

Yaya, Baba na tuna a kan tabarma, ƙafa a kumbure, muna bin jijiyoyinsa da yatsa muna cewa ƙarfi ne.

Ina shan magani, da sauƙi. Don Allah ki ɗaga rigar Auta ki duba. Hoton kuwa ki bar wa Inna a bango, kada ki ce mata komai.

Allah ya jiƙan Baba.

Ƙaninki.