Safar Nunzia da Garwashin Baba

Yaya Assunta,

Gaisuwa mai tarin yawa daga Solofra, da fatan ke da Vito da yara kuna lafiya, kuma sanyin Kanada bai tayar miki da ciwon gwiwa ba. Allah ya ƙara sauƙi. Mama garau take. Baba ma haka, sai dai kunnensa ya yi nauyi ga duk maganar da ba ta autarmu Nunzia ba.

'Yan kwana-kwana ne suka nemi fatar safar hannu wadda ba ta motsewa a wuta. Baba ya ce tsakanina da Nunzia, wanda fatarsa ta jure shi zai riƙe majemar gidanmu. Na jeme tawa yadda aka koya mini tun ina yaro. Ita kuwa ta rage mai, wai shi abincin wuta ne, ta zuba wani farin gari a ruwan ƙarshe. Na ce mata abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Ta ce ai ita ba rimi ta hau ba, makaranta ta je.

Ranar Lahadi bayan mun ci taliya, Baba ya hura murhu aka gwada yadda kakanmu yake yi, wato a sa safar a ɗauki garwashi. Na sa tawa na ɗauka. Ban yi taku mai nisa ba fatar ta motse ta damƙe mini yatsu, na yar. Da safar Nunzia kuwa, sai da Baba ya zaga tsakar gida da garwashi a hannu yana fito, ko ƙauri ba ta yi ba.

Ba zan ɓoye miki ba, Yaya, kishi yana cina. Majema ta zama tata, ta kuma cancanta, wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini a wuya daban ne. Da ta miƙa hannu za ta sa safarta, Baba fizgewa ya yi, ya ce ba a wasa da hannun 'yarsa a wuta, in ƙuna ce gara nasa ya ƙone. Ni da na sa tawa, yana tsaye a gefena yana ta shan kofinsa.

Ki gaishe mini da Vito, da Rocco, da 'yar ƙaramarku Imma. Ki yi haƙuri da munin rubutun, da hagu na yi.

Ƙaninki,
Gerardo