A Maido Sunana Cikin Rajista, a Buɗe Mana Reshen Daura

Zuwa ga Mai Girma Shugaban ƙungiyarmu ta masu ƙiyasta darajar gidaje da filaye, tare da 'yan majalisar gudanarwa.

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyali da abokan aikinka. Allah ya taya ka riƙon amanar da aka ɗora maka.

Ranka ya daɗe, sunana Rabi Usman, a Daura kuwa an fi sanina da Hajiya Rabi mai awo. Na haura shekara ashirin ina wannan sana'a. Sau uku ina rubuto wa ofishinku na Katsina wasiƙa, ban sami ko layi ɗaya na amsa ba. Shi ya sa na fito fili da maganar, duk da ba halina ba ne, kuma ba haka aka koyar da ni ba.

Bari in fara da yadda na san ƙungiyar nan, don ka gane abin da nake kewa.

Lokacin da na gama karatu na dawo gida, reshenmu na Daura ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon kayan gini, da tebur ɗaya da benci uku. Marigayi Malam Ilu ne shugaban reshe. Ɗan magina ne, ya taso cikin kwaɓa ƙasa kafin ya je makaranta, don haka in ya ƙwanƙwasa bango da bayan hannu yakan faɗa maka damina nawa ta rage masa. Ranar da na fara hawa wannan bene, ni kaɗai ce mace. Ya dube ni ya ce, "'Yata, zauna. Mu iyakarmu zaure. Ke ce za ki riƙa gano mana cikin gida." Da wannan magana ya ba ni gurbi a sana'ar, kuma da ita na ci abinci duk shekarun nan.

Asabar ta farkon kowane wata mukan haɗu. Mutanen Mashi su zo a kan babura, na Mai'adua da Zango da Baure su biyo motocin kasuwa, wani ya riƙo fura, wani ya riƙo gyaɗa. Kowa ya fito da rahoton da ya rubuta a watan, a karanta a gaban jama'a. In ka yi kuskure a gyara maka, a yi dariya, a wuce. A nan na koyi cewa gonar da ke da gawo uku ba ɗaya take da ta kusa da ita ba, ko da faɗinsu ɗaya. A nan na koyi cewa fili a Kongolam darajarsa na hawa da sauka ne da yadda motoci ke wucewa a kan iyaka. A nan na koyi in ɗaga kai in duba azara kafin in duba fenti. In ɗayanmu ya kwanta ciwo, kafin Asabar ta zagayo an je an gaishe shi. Wannan ita ce ƙungiyar da na shiga.

Yanzu ga kokena.

Na farko, an goge sunana ba tare da an sanar da ni ba.

Maigidana, Malam Hamisu, ya sami shanyewar ɓarin jiki. Shekara biyu cur ina jinyarsa, ni ke juya shi, ni ke ba shi abinci a baki, har Allah ya karɓi abinsa. A cikin waɗannan shekaru ne kuka kawo dokar cewa dole kowane mamba ya halarci bita a Katsina, wanda ya rasa na shekara biyu a jere kuma a cire shi daga rajista. Ba na jayayya da bita, ilimi ne. Amma tun da na ji labarin dokar na rubuta wa sakatare na bayyana halin da nake ciki, na haɗa da takardar likita. Na ɗauka shirun da aka yi mini yarda ce.

Bayan na fita takaba da 'yan watanni, wani magidanci mai suna Sale ya zo mini. Mahaifinsu ya rasu, ya bar gida a cikin tsohon gari, ba nisa da rijiyar Kusugu, kuma maganar rabon gado tana gaban alƙali. Mahaifiyarsu, Inna Laure, tana cikin takaba, ta ce ba namijin da zai leƙa mata ɗaki, a kira mata Rabi. Burin Sale shi ne a yi wa gidan ƙima ta gaskiya, ya sallami 'yan'uwansa, tsohuwa ta ƙarasa kwanakinta a ɗakin da aka kawo ta tana amarya.

Kwana biyu na yi a gidan. Na auna kowane ɗaki. Na ga gara ta cinye azarar ɗakuna biyu na ƙurya, na ga katangar baya ta fara rinjaya tun daminar bara, na lura lungun ko amalanke da ƙyar take shiga. Inna Laure tana zaune a kan tabarma da carbinta, tana nuna mini inda ruwa ke zuba, tana ba ni labarin wanda ya gina kowane bango. Na rubuta rahotona na kai kotu.

Magatakarda ya duba rajistar ƙungiya a wayarsa, ya ɗago ya ce, "Hajiya, ban fa ga sunanki ba." Na ce ya sake dubawa. Ya sake, ya juya mini wayar in gani da idona. Ga sunayen yaran da aka yaye a gabana, babu nawa. Alƙali ya yi mini magana cikin mutunci, ya ce ya san ni, ya san aikina, amma ba zai iya karɓar rahoton wanda ba ya cikin rajista ba. Gaskiyarsa ce. Na tsaya a gaban magada da takarda a hannu, kamar wadda aka kama da sojan gona. A kotu, a gaban mutane, na fara jin cewa ƙungiyata ta sallame ni.

Aka kawo wani daga nesa. Ko awa ɗaya bai yi ba. Ya auna gaban gida da zaure, ciki kuwa bai shiga ba saboda takaba. Ya kwatanta gidan da gidajen siminti na bakin titi, ya yanka masa ƙimar da ta fi ƙarfin Sale nesa ba kusa ba. Sauran magada da suka ji adadin suka ce lallai a sayar. Aka yi watanni ba mai saye a wannan farashi, rai ya ɓaci tsakanin 'yan uwa ɗaya uba ɗaya, a ƙarshe aka sayar da shi kusa da abin da na rubuta tun farko, amma ga bare. Ranar da za a tafi da Inna Laure Mashi wurin 'yarta, na je sallama. Ta riƙe mini hannu ta ce, "Rabi, ke kika ga ɗakina. Me ya sa ba su ji taki ba?" Har yau in na doshi lungun sai in sauya hanya.

Ba na zargin wanda aka kawo. Baƙo ne a garin, kuma ba shi da wanda zai tambaya. Wannan ya kawo ni ga koke na biyu.

Na biyu, kun rufe reshen Daura, kun bar mu da shafin intanet.

Bayan rasuwar Malam Ilu aka ce an haɗe ƙananan rassa wuri ɗaya don sauƙaƙa aiki. Ba a tambaye mu ba, sanarwa kawai muka gani. Aka kwashe fayilolinmu aka tafi da su, aka mayar wa mai shago makullinsa. Yanzu ɗinki ake yi a ɗakin. Da reshen yana nan, baƙon nan zai hau bene ya yi sallama, a haɗa shi da wanda ya san unguwar, ko a ce masa ga mace nan da ta riga ta shiga ciki. Da reshen yana nan, ba wanda zai bari a goge sunan matar da kowa ya san tana jinyar miji.

Na gwada shafin da kuka ce komai yana ciki. Na cike fom ɗin neman a maido ni, ya ce in saka lambar mamba. Na saka, ya ce babu wannan lamba. Na kira wayar da ke ƙasan shafin, tana ta ƙara ba a ɗauka. Na shiga mota na je Katsina da kaina. Ma'aikaciyar da na tarar ta karɓe ni hannu bibbiyu, har ruwa ta ba ni, amma ta ce sai kwamiti ya zauna, kuma ba ta san ranar zamansa ba. Na tambaye ta su wane ne a kwamitin, ta ce ba a ba ta sunayensu ba. Wata bakwai ke nan.

Na uku, zaɓe. Tsarin mulkin ƙungiya ya ba kowane mamba ƙuri'a. Amma tun da aka mayar da zaɓe rana ɗaya a babban taro, sai wanda ya iya barin aikinsa da gidansa ya kwana a wani gari ne ke zaɓe. Dattawanmu na Baure da Sandamu sun daina zuwa. A majalisar da ke zaune yanzu babu ko mutum ɗaya daga ƙasar Daura. Ba na cewa an yi haka da mugun nufi. Ina cewa waɗanda suka zauna suka rubuta dokar bita ba su da wanda zai ɗaga hannu ya ce musu, to mai jinya fa, mai takaba fa, wanda ya tsufa fa.

Ranka ya daɗe, makon jiya muka je gaisuwar rasuwar Malam Audu, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa reshenmu. Daga ƙungiya ba a aiko kowa ba, wataƙila ma labarin bai iso ku ba. Ina cikin gida wurin mata aka aiko cewa ana nemana a zaure. Na fito na tarar da abokan aikina huɗu, duk furfura ta cika musu gemu. Ɗayansu, Malam Bala na Mashi, ya zaro takarda daga aljihun babbar riga, yana jin kunya, ya ce wata gona ce ta shige masa duhu, kuma bai san ranar da zai sake ganinmu wuri ɗaya ba. A nan kan tabarmar makoki muka duƙa muka duba masa. Da muka gama ya mayar da takardarsa aljihu. Kowa ya san sai an sake rasa wani cikinmu za a sake irin wannan zama.

Saboda haka nake roƙon waɗannan abubuwa.

A maido sunana cikin rajista. Bitar da ta wuce ni a ba ni dama in rama, a shirye nake in zauna aji da 'ya'yan cikina.

A gyara dokar, a sa uzurin rashin lafiya da jinya da takaba. Kada a sake goge sunan kowa sai an kira shi an ji ta bakinsa, ko an aika wanda ya san ƙofar gidansa.

A ba mu izini mu sake buɗe reshen Daura. Ba mu nemi gini ko mota ba. Wuri mu za mu nema da kanmu. Abin da muke so shi ne a san da zamanmu, a dawo mana da fayilolinmu, a ba mu kujera ɗaya a majalisa, a kuma bar mu mu kaɗa ƙuri'a a garinmu.

A sa mutum mai rai a bakin wayar ofis, kuma a bayyana wa mambobi sunayen 'yan kwamiti da ranakun zamansu.

Gidan Inna Laure ya riga ya tafi, ba abin da za ku rubuta da zai dawo da shi. Ba don shi na rubuto ba. Akwai gidaje da yawa a cikin tsohon gari da ke jiran rabo, akwai tsofaffi a ƙuryar ɗakunansu, kuma ƙafata tana iya kai ni har yanzu. Ina so in yi sauran aikin da Allah ya rage mini a matsayin 'yar ƙungiya, kamar yadda na fara.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya haɗa ka da mashawarta na gari, ya sa ka sauka lafiya da mutuncinka. Allah ya jiƙan Malam Ilu da Malam Audu da sauran magabatanmu a wannan sana'a, ya kyautata namu ƙarshen. In wata kalma ta yi kaushi a cikin takardar nan, a yafe mini, zafin rabuwa ne.

Ina sauraron amsarka, ko da ta layi biyu ce.

Wassalam.

Taku a sana'a,
Rabi Usman,
Daura.