Zuwa ga Inna, Kan Lambun Indiyawa da Farar Saniyarsu

Assalamu alaikum, mahaifiyata Inna Hajara.

Bayan gaisuwa irin ta 'ya da uwa, ina fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Damina uku ke nan rabonmu. Na san takarda ba ta isa inda kike, amma akwai labarin da ba mai jin daɗinsa kamar ke, ke da kika ƙare rayuwarki da laka a ƙafa a lambun bakin kogin Binuwai.

Inna, na koma noma. In na faɗa miki inda nake yi, sai kin riƙe haɓa.

Kin tuna Indiyawan nan masu shagon yadi a kasuwa? Suna da gida a gefen gari, inda suka keɓe ɗaki don ibadarsu ta Hindu. Bayan ɗakin akwai fili babba. Dattijuwar gidan, Madam Sarita, ta buɗe wa matan unguwa filin, kowa ta yi aiki ta ɗebi na miya. Maƙwabciyata Marta, 'yar garin Tuboro, ita ta ja ni can.

Ranar farko na ɗauka lambun rago ne. Ba a kaftu, ba a sharewa. Busasshen ganye da kara sun lulluɓe ƙasa. Zogale, gwanda, kabewa, wake da rama duk a cakuɗe, ruwan wanke-wanke kuma na gangarawa gindin ayaba. Ke da kike cewa, "A gefen kunya ake gane manomi," da kin gani da kin nemi fartanya. Madam ta kama hannuna ta cusa shi ƙarƙashin ganyen. A tsakiyar zafin Garwa, Inna, na ji danshi, har wata tana ta motsa a yatsuna. Na daɗe a tsugune ina mamaki.

Da safe nakan ji ƙararrawarsu da ƙamshin turare. Ban taɓa shiga ɗakin ba, ita ma ba ta taɓa cewa in shiga ba. Buta ma ta saya mana, ta ajiye a gindin darbejiya. Akwai wani tsiro da take zagayawa tana zuba masa ruwa cikin ladabi. Na sunsuna, sai na ji ɗan'uwan ɗaɗɗoyar nan ne da kike shukawa a ƙofar ɗaki don sauro. Da na faɗa mata, tambayoyi ta yi ta jero min a kanki har rana ta take.

Yaya Sani bai so ba. Kin san shi, ya gaji wuƙar Baba a mayanka, ya gaji taurin kansa. Cewa ya yi, "'Yar mahauta a gidan masu girmama saniya? Me kike nema?" Na je wajen Malam, ya ce noma ba sujada ba ne, in dai na kiyaye addinina. Duk da haka Yaya ya daina cin miyata.

Sai kuma na yi ɓarna da hannuna. Na so in burge, na sa aka kawo amalanke guda na abin da ake zubarwa daga tumbin shanu, irin takin da kika fi yabo. Na baza shi a ɓangarena. Madam ta tambayi daga ina, na ce daga mayanka. Ta dafe ƙirji, ta shige gida. Kwana uku ba ta fito ba. Matan suka daina kallona, don kowa na tsoron a rufe mana ƙofa, ga shi da yawanmu daga lambun nan tukunyarmu ke tafasa.

A rana ta huɗu ta fito. Ta tsaya a kan ɓangaren nawa, ta ce da Faransancinta mai lanƙwasa, "Ƙasa ta riga ta ci, ba a ƙwace mata daga baki. Nan gaba ki kawo min takin shanu masu rai." Ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba.

Bayan wata biyu farar saniyarsu, Gauri, wadda kashinta ke ciyar da lambun, ta daina cin abinci. Ciki ya kumbura, haƙarƙari ya fito. Madam ta rame tare da ita. Na rasa wanda ya san cikin saniya kamar mahauci, sai na cire kunya na roƙi Yaya. Ya ƙi, ya sake ƙi, ranar Asabar sai ga shi a bakin ƙofa da babur ɗinsa.

Madam ta san sana'arsa. Ta dube shi, ta dubi hannuwansa, ta matsa gefe. Ya danna cikin saniyar sau biyu ya ce, "Leda ce. Kullum muna ciro irinta." Shi ya je ya ɗauko likitan dabbobi, shi ya ɗaure ƙafafun ya kwantar da ita a hankali. Likita na aiki, Yaya ya danne wuya yana bisimilla, Madam na shafa goshinta tana nata karatun. Ledar da aka ciro sai da ta cika roba.

Da la'asar saniyar ta yunƙura ta miƙe. Yaya yana wanke hannu, bai dubi kowa ba, ya ce, "Shekara talatin ina kayar da saniya. Yau ce ranar farko da na kayar da ita don ta tashi."

Har yanzu bai ce na yi daidai ba. Amma duk ranar da muka haɗu a unguwar Rumde Ajiya, kafin ya tambayi yara sai ya ce, "Yaya mai jikinmu?"

Inna, da kina nan me za ki ce? Wannan tambayar nake yawo da ita. Na yi kewarki ƙwarai, har wani lokaci nakan juya in nuna miki abu, sai in tuna.

Allah Ya jiƙanki, Ya yalwata kabarinki, Ya haɗa ki da Baba cikin rahama. Ya sa duk abin da na ciyar da wani daga hannun da kika koya wa aiki, ladan ya iske ki.

Taki har kullum,
Autarki, Bilki