Sa'ar Matata ta Ranar Alhamis

Alhamis, 3 ga Maris
Shekara da shekaru ƙungiyar matan Kiristan nan tana cinye mini yammacin Alhamis. Ni na fassara musu tarihinsu, da duk karatuna, ko sunana ba su sa ba. Wai matan matuƙan jirgin ruwa ne suka fara a wata ƙasa mai sanyi, suna karɓa-karɓar addu'a don kada sa'a guda ta wuce ba mai roƙo a duniya. Yanzu sun cika ƙasashe. Kowace da sa'arta. In ta gama sai ta buga wa ta gaba waya, ƙara ɗaya, ta ajiye.

Matata, tata sa'ar da yammacin Alhamis ce. Sai ta rufe ƙofar ɗakin ɗinki, ta bar ni da shayi yana hucewa. Ta rasu a Janairu.

Yau ƙofar ta rufe kanta. Iska ce.

Alhamis, 10 ga Maris
Ta sake rufewa, tagogi kuwa a kulle. Kujera ta yi ƙara, kamar an dafa ta za a durƙusa.

Litinin, 14 ga Maris
Shugabar ƙungiyar ta zo. "Baba, sannu da ƙoƙari! Ashe kai ka riƙe mana sa'ar Mama?" Na ce ni? Allah ya kiyaye. "To wa ke buga wayar?" Wai 'yar'uwarsu ta ƙetaren teku, mai karɓa daga hannun matata, har yanzu tana jin ƙara ɗaya duk Alhamis, daga lambar gidan nan.

Ban gaya mata ba, tun ranar jana'iza na cire igiyar wayar.

Na ce su kwashe sa'arsu su ba wata, gidana ba coci ba ne. "Ka tabbata, Baba? In an bayar, ba a dawo da ita." Na ce tun matata tana da rai ma na gaji.

Alhamis, 17 ga Maris
Na tsaya a bakin ƙofar. Ƙamshin man da take shafawa. Saura kaɗan in ƙwanƙwasa. Ban taɓa tambayarta wa take yi wa addu'a a ciki ba.

Asabar, 19 ga Maris
Sun ba wata malamar asibiti sa'ar.

Alhamis, 24 ga Maris
Na mayar da igiyar wayar, don dai kada ta lalace. Shayi kofi biyu na haɗa, mantuwa ce kawai. Na zauna a falo ina kallon ƙofar har rana ta faɗi.

A buɗe take. Ba ta zo ba.